Shin fim ɗin Mother India ya ɗaukaka Nargis ne, ko ya rufe sauran aikinta?

MaiBinTarihinFim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai game da Nargis, jarumar finafinan Indiya ta zamanin da, kuma ina son jin ra'ayin manyanmu da suka riga mu fara kallo. A ƙasar Hausa da zarar an ambaci sunanta, abin da yake faɗo wa kowa a rai shi ne Mother India, wato matar nan da take jan garma da kafaɗarta, wadda ta harbe ɗanta a ƙarshen fim. To amma wannan baiwar Allah ta fara fitowa a fim tun tana da kimanin shekara shida, a 1935, kuma lokacin da Mother India ya fito a watan Oktoba na 1957 ta riga ta yi shekara 14 tana riƙe manyan matsayi, tun daga Taqdeer na 1943. A tsakanin nan ta fito a matsayin lauya, ta fito malamar makaranta, ta fito 'yar attajiri mai hawan doki, ta kuma yi wasan ban dariya. Ra'ayina shi ne fim ɗin da ya fi ɗaukaka ta shi ne kuma ya fi tauye mata haƙƙi, domin ya sa mun manta da duk wannan aiki mun mayar da ita uwa mai kuka kawai, sannan ba a cika wata biyar da fitowarsa ba ta yi aure ta janye daga sana'ar tana da shekara 28. Me kuke gani?

Baba_Na_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kawo magana mai kyau, amma ban yarda cewa abin da muka gani a fim ɗin nan uwa ce mai kuka kawai ba. Ni na kalle shi a silima a nan Kano cikin shekarun 1970, lokacin ya riga ya tsufa, amma masu gidajen silima, waɗanda yawancinsu Kwarori ne, ba su daina dawo da shi ba, domin duk daren da aka sa shi sai wuri ya cika maƙil. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, kuma hakan bai hana mu fahimtar komai ba, saboda fuskar matar nan ita take yi mana tafinta. Mace ce da dutse ya danne hannuwan mijinta biyu har ya rasa su, ya sulale cikin dare saboda kunyar zama a ciyar da shi, ambaliya ta zo ta cinye gida da amfanin gona, sannan mai ba da bashin garin ya ce zai ciyar da 'ya'yanta idan ta ba shi kanta. Yunwar yara ta kai ta har cikin gidansa, amma ta fito da mutuncinta. A wannan wurin nakan ji gidan silima ya yi tsit, alhali wuri ne da 'yan kallo ba sa rabuwa da ihu da fito. Wanda ya iya sa matasan Fagge da Sabon Gari su yi shiru bai kamata a ce an tauye shi ba.

Hajiya_Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu mata a lokacinmu ba a barinmu zuwa silima, kuma wadda ta je ta jawo wa gidansu magana, saboda haka a talabijin muka san Nargis, daga baya kuma a kaset ɗin bidiyo. Abin da nake son in ƙara shi ne, ba mu ne muka zaɓi mu san ta da fim ɗaya ba. Abin da aka kawo mana shi muka kalla. Tsofaffin finafinanta marasa launi ba su yawo a gidajenmu kamar yadda Mother India ya yi, wanda yake da launi kuma ake maimaita shi. Idan akwai laifi, a tambayi masu shigo da finafinai da masu tsara shirye-shiryen talabijin na wancan zamani.

Abu_Safiyya:
Domin amfanin waɗanda ba su san asalinta ba, bari in ɗan yi bayani, saboda yana da alaƙa da tambayar. Sunanta na yanka Fatima Rashid, an haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929. Mahaifiyarta Jaddanbai mawaƙiya ce ta gargajiya wadda ta shiga harkar fim tun farkon zuwan finafinai masu magana, tana shirya fim, tana fitowa a ciki, tana kuma tsara kiɗansa, abin da mata ƙalilan ne suka taɓa yi a wancan lokaci. Mahaifinta kuwa ɗan gidan Hindu ne daga yankin Rawalpindi wanda ya musulunta ya ɗauki suna Abdul Rashid. Fim ɗin farko da aka sa ta tana yarinya, Talash-e-Haq, na mahaifiyarta ne. Ma'ana, Nargis ba ta nemi wannan sana'a ba, a cikinta ta buɗe ido, kuma tana da shekara 14 darakta Mehboob Khan ya ba ta babban matsayi a Taqdeer tare da jarumi Motilal, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba. Duk wanda zai yi maganar dalilin da ya sa ta bari tana da shekara 28, ya kamata ya tuna cewa a lokacin ta riga ta haura shekara ashirin a gaban kyamara, kuma iyayenta biyu sun rasu tun kafin 1950.

MaiBinTarihinFim:
Na gode Malam Abu_Safiyya. Baba, ban musa ƙarfin wasanta a Mother India ba ko kaɗan. Abin da nake nufi zai fi fitowa idan aka kalli Andaz na 1949, wanda shi ma Mehboob Khan ne ya ba da umarninsa. A can ta fito a matsayin Neena, 'yar attajiri mai ilimin zamani, wadda Dilip Kumar ya cece ta daga hatsarin doki, ta sake da shi a matsayin aboki, shi kuwa ya ɗauka so ne, alhali zuciyarta tana wurin Raj Kapoor. Wasan da ta yi a nan ya fi wuya a ganina, domin babu ambaliya, babu yunwa, babu wani abin tausayi na zahiri da zai taimaka mata. Mace ce kawai da take gane, a hankali a hankali, cewa sakin fuskar da ta yi wa wani namiji ya zame mata tarko a gidan aurenta. Tana da shekara 19 ta tsaya tsakanin jarumai biyu da suka zama mafiya girma a tarihin finafinan Indiya, kuma babu wanda ya disashe ta a cikinsu. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa kallon wannan fim?

Ɗan_Damagaram:
Ni na kalle shi, kuma akwai abin da na lura da shi da zai iya amfanar ɓangarorin biyu. A ƙarshen Andaz ma da bindiga ta harbe Dilip Kumar, aka ɗaure ta. Wato sau biyu Mehboob Khan yana ɗora mata bindiga a hannu domin ta kashe namijin da yake ƙaunarta saboda kare mutuncin mace, sau ɗaya a gidan masu kuɗi na birni, sau ɗaya a ƙauye. Wannan ya nuna mini cewa daraktan ya ga wata irin tsayuwar zuciya a tattare da ita tun tana ƙarama, kuma Mother India ci gaba ne na abin da suka faro tare, ba wani sabon abu da ya faɗo daga sama ya rufe na baya ba.

Malama_Ta_Zazzau:
Ina ganin mai tambaya ya ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Idan akwai abin da ya tauye Nargis, to shekarun da ta yi tana aiki da Raj Kapoor ne. Finafinai 16 suka yi tare, daga Aag na 1948 zuwa 1956, kuma ban musa cewa akwai manya a ciki ba. A Awaara na 1951 ita ce Rita, lauyar da ta tsaya a kotu tana kare saurayinta tana yi wa alƙalin da ya raine ta tambayoyi, kuma wannan matsayi ne mai nauyi. Amma ku dubi yadda abin ya riƙa raguwa. A Shree 420 na 1955 ita ce Vidya, malamar makaranta mai gaskiya, wadda aikinta a labarin shi ne ta jira jarumi ya gama ruɗuwa da duniya ya dawo. A Jagte Raho na 1956 kuwa a ƙarshen fim kaɗai ta bayyana, ta zuba masa ruwa ya sha, shi ke nan. Hatta tambarin kamfaninsa na R.K. daga wani hoto na Barsaat aka ɗauko shi, inda yake riƙe da goge irin na Turawa a hannu ɗaya, ita kuma tana rataye a ɗaya hannun. Kamfanin ya ginu da fuskarta, amma sunan mutum ɗaya ne a kansa. Saboda haka ni a wurina Mother India shi ne ya fitar da ita daga inuwar wani, ya ba ta fim ɗin da ita ce ginshiƙinsa tun daga farko har ƙarshe.

Zango_Kumasi:
Malama ta faɗi gaskiya, sai dai kada a manta cewa waɗannan finafinan na Raj Kapoor su ne suka fara kai sunanta ƙasashen waje. Awaara ya yi farin jini ƙwarai a Tarayyar Sobiyet, kuma a 1954 ita da Raj Kapoor suna cikin tawagar 'yan fim ɗin Indiya da ta je can aka yi musu gagarumar tarba. Daga baya ma ta fito a Pardesi na 1957, wanda Indiya da Sobiyet suka haɗu suka shirya. A can Rasha da Rita aka san ta, a wurinmu kuma da Radha, sunanta a Mother India. Kowace ƙasa ta riƙe abin da ya yi kama da rayuwarta.

Yar_Gidan_Malam:
Don Allah manya ina da tambaya. Ni a fassarar Hausa na fara ganin Mother India a waya, kuma waƙoƙin sun shiga raina sosai. Ita ce take rera su da bakinta?

Abu_Safiyya:
A'a 'yar'uwa, ba muryarta ba ce. A tsarin finafinan Indiya tun ƙarshen shekarun 1940, mawaƙa na musamman ne suke rera waƙa a ɗakin ɗaukar sauti, 'yan wasa kuma su bi da baki a gaban kyamara. Yawancin waƙoƙin da kika ga Nargis tana yi Lata Mangeshkar ce ta rera, wasu kuma Shamshad Begum. Naushad ne ya tsara kiɗan Andaz da Mother India, Shankar da Jaikishan kuma su ne na Barsaat da Awaara da Shree 420. Amma kada wannan ya rage mata daraja a idonki, domin ɗaukar muryar wata ka sa ta zama taka har mai kallo ya rantse daga ƙirjinka take fitowa, gwaninta ce mai zaman kanta, kuma tambayar da kika yi shaida ce cewa ta iya.

Manomi_Ɗan_Manomi:
Ni ba masanin fim ba ne, amma zan faɗi dalilin da ya sa mutanen karkara irinmu ba za su taɓa fifita wani fim nata a kan wannan ba. Duk bala'in da ya sami Radha ya faro ne daga bashin rupi 500 da surukarta ta ci domin bikin auren, ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba, daga baya mai bashin ya ce kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne a matsayin kuɗin ruwa, dattawan gari kuma suka goyi bayan takarda. Na taso na ga irin wannan da idona, mutum ya ci bashi da damina domin biki ko rashin lafiya, da kaka a zo a kwashe masa rumbu, shekara ta zagayo ya jinginar da gona, ƙarshe ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa. Lokacin da Birju, ɗan Radha, ya ƙone littattafan bashin nan, ya ƙwato awarwaron uwarsa, na san mutanen da suka ji kamar su aka rama wa. Lauya da 'yar attajiri suna da kyau a kallo, amma ba su taɓa mu a inda yake mana ciwo ba.

Hajiya_Uwar_Biyu:
Tun da an zo kan Birju, ni har yau ƙarshen fim ɗin nan bai kwanta mini ba. Na haifa, na san abin da ɗa yake a zuciyar uwa. Yaron nan zalunci ne ya mayar da shi ɗan fashi, kuma saboda ita ya yi duk abin da ya yi. A ce uwa ta ɗauki bindiga ta harbe shi saboda 'yar mutumin da ya cuce su tsawon rayuwa, wannan tunanin maza ne masu rubuta labari, ba zuciyar uwa ba.

Baba_Na_Fagge:
Hajiya, a yi mini haƙuri, a nan kam mun saɓa. Yarinyar da Birju ya ɗauke ranar aurenta ba ita ta ci bashin ubanta ba, kuma Radha ta riga ta ba mutanen gari alkawari cewa babu abin da zai sami 'yarsu. Ita da ta ƙi sayar da mutuncinta lokacin da 'ya'yanta suke mutuwa da yunwa, ta yaya za ta tsaya tana kallo ɗan da ta haifa ya keta na wata? Ta gargaɗe shi, ya ɗauka ba za ta iya ba. Kuma ki tuna abin da ya biyo bayan harbin, yadda ta yar da bindigar ta ruga ta rungume shi. Ba a nuna ta a matsayin wadda ta yi nasara ba. Shi ya sa da aka kawo ta buɗe sabuwar hanyar ruwan noman rani tana tsohuwa, ruwan ya zame mata ja a ido.

Ɗan_Damagaram:
Wani abin da yake ba ni mamaki shi ne shekarunta a lokacin. Sunil Dutt da ya fito a matsayin Birju sa'anta ne, haka ma Rajendra Kumar da ya fito a ɗaya ɗan, ba yaro ba ne a kanta. Da farko ma Dilip Kumar aka so ya zama Birju, abin bai yiwu ba domin jama'a sun saba ganinsu a matsayin masoya a finafinai irin su Mela da Babul. Jarumar da take kan ganiyar kyanta ta yarda a shafa mata taɓo, a yi mata furfura da tamoji, ta zama uwar sa'anninta, wannan kasada ce da 'yan wasa da yawa ba za su ɗauka ba ko a yau. Mehboob Khan ya taɓa yin wannan labari a 1940 da sunan Aurat, har ma Kanhaiyalal ne mai ba da bashin a duka biyun, amma na biyun ne duniya ta riƙe.

Sarkin_Tambaya:
Gaskiya ne cewa a wurin ɗaukar wannan fim ɗin gobara ta kusa cinye ta? Kuma ta yaya Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba?

Abu_Safiyya:
Maganar gobara gaskiya ce. Ana ɗaukar wurin da aka cinna wa tarin ciyawa wuta a jihar Gujarat, iska ta juya wutar ta kewaye ta, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi kuma ya ƙone har ya yi jinya. Ta riƙa kula da shi, daga nan shaƙuwa ta shiga, suka yi aure ranar 11 ga Maris, 1958. Shi Hindu ne, wannan ma haka yake. Abin da yake tabbatacce kuma shi ne da ta rasu a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan da ke Bombay aka binne ta. Hukuncin irin wannan aure sananne ne a wurin malamai, hisabinta kuma yana wurin Ubangijinta, saboda haka ina roƙon mu tsaya a kan aikinta, wanda shi aka tambaya.

MaiBinTarihinFim:
Maganar Malama_Ta_Zazzau a kan shekarun R.K. tana da ƙarfi, amma ba ta rushe tawa ba. Ko a cikin waɗancan shekarun akwai Chori Chori na 1956, inda ta fito 'yar mai kuɗi mai taurin kai da ta gudu daga gida, ta yi ban dariya da rawa kamar 'yar tsana, wanda yake nuna tana da wani fanni da ba a gama cin moriyarsa ba. Akwai kuma Jogan na 1950 na Kidar Sharma, inda ta fito mai gudun duniya cikin farin mayafi, kusan duk wasan da idanu ta yi shi. Babbar hujjata kuwa ita ce Raat Aur Din na 1967. Bayan ta yi shekaru a gida tana renon yara, ta dawo ta fito a matsayin matar aure mai lalurar ƙwaƙwalwa, da rana Varuna ce mai kunya, da dare ta zama Peggy mai zuwa gidan rawa, kuma da wannan wasa ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar jaruma a Indiya. Idan mace za ta iya barin aiki kusan shekara goma ta dawo ta yi wannan, ku ƙiyasta abin da aka rasa a shekarun da ba ta yi ba. Bayan Mother India wane darakta ne zai iya ba ta matsayin mace ta yau da kullum, alhali ƙasa gaba ɗaya ta naɗa ta uwa?

Malama_Ta_Zazzau:
Ɗan'uwa, ka yi magana kamar shekarun da ba ta yi fim ba fanko ne. A 1958 kaɗai ta sami kyautar finafinan Indiya ta Filmfare, ta sami ta gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary a Chekoslobakiya, gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri, Mother India kuma ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin 'yan takarar Oscar na finafinan harsunan waje, inda wani fim ɗin Italiya na Fellini ya yi nasara. Wannan daraja ba ta ajiye ta a kabad ba. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta Arts wadda take kai mawaƙa da 'yan wasa bakin iyaka domin nishaɗantar da sojoji, kuma a farkon shekarun 1970 ta zama uwar ƙungiyar da take kula da yara masu lalurar da ke hana su sarrafa gaɓoɓinsu tun haihuwa, a lokacin da iyalai da yawa suke ɓoye irin waɗannan yara a ɗaki. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya, wato Rajya Sabha. Duk waɗannan ƙofofi sunan Radha ne ya buɗe mata su.

Zango_Kumasi:
Tun da an ambaci majalisa, akwai abin da ta yi a can da ban goyi bayanta ba. Ta soki Satyajit Ray, babban daraktan nan na Bengal mai Pather Panchali, cewa yana tallata talaucin Indiya ga Turawa domin ya sami yabo. Ina ganin ba ta yi masa adalci ba, domin fim ɗin da ya ɗaukaka ta ita kanta cike yake da yunwa da bashi da taɓo, kuma shi ma Turawan aka kai wa suka yaba.

Ɗan_Damagaram:
Ni ma ina ganin Ray bai cancanci wannan suka ba, amma na fahimci inda ta fito. Sunan Mother India kansa martani ne ga wani littafi mai wannan suna da wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa a 1927, inda ta zubar da mutuncin Indiyawa da matansu domin nuna ba su isa mulkin kai ba. Fim ɗin Mehboob ya fito shekara goma bayan samun 'yanci, kuma ya buɗe da taraktoci da madatsar ruwa, wato talaucin da ya nuna an gabatar da shi a matsayin abin da ake fita daga cikinsa. Mutanen da suka tashi a ƙarƙashin mulkin mallaka suna da saurin jin zafi a kan yadda baƙo yake kallonsu, kuma mu ma nan muna yin irin wannan gardama duk lokacin da aka nuna almajirai ko ƙauyukanmu a tashoshin waje.

Yar_Gidan_Malam:
Ashe ita ce mahaifiyar Sanjay Dutt? Yayyena suna kiransa Ɗan Daba Mai Lasin, ban taɓa haɗa su ba.

Hajiya_Uwar_Biyu:
Ita ce, 'yata. Shi ne ɗanta na fari, an haife shi a 1959, sai ƙannensa mata biyu, Namrata da Priya, wadda daga baya ta zama 'yar majalisa kamar iyayenta. Ƙarshen rayuwar Nargis akwai ban tausayi. Ba ta daɗe da shiga majalisa ba aka gano tana da ciwon daji, aka kai ta asibiti a birnin New York ta yi doguwar jinya, aka dawo da ita gida, ta rasu a Bombay ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fara nuna Rocky, fim ɗin farko da ɗan nata ya jagoranta, aka bar kujera ɗaya babu kowa domin ta. Mijinta ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon daji da sunanta. Ni dai har yanzu ina kan bakana game da harbin Birju, amma ban taɓa cewa ba ta iya wasan ba.

Abu_Safiyya:
Ina so in dawo da mu kan tambayar ƙarshe da mai tambaya ya yi, cewa wane darakta ne zai ba ta matsayi bayan Mother India. Tarihi bai nuna an rufe mata ƙofa ba. A 1958 Lajwanti da Adalat sun fito, kuma ba uwar ƙasa ta fito a cikinsu ba. Aure ma bai zama dole ya raba jaruma da sana'a a wancan zamani ba, domin Meena Kumari ta yi aure a 1952 ta ci gaba har ta yi Sahib Bibi Aur Ghulam a 1962, Nutan kuma ta yi aure a 1959 ta zo ta yi Bandini a 1963. Saboda haka janyewar Nargis zaɓinta ne, zaɓin macen da aka sa aiki tun tana shekara shida kuma ba ta taɓa samun zaman gida irin na kowa ba.

MaiBinTarihinFim:
Misalan Meena Kumari da Nutan su ne ma suke ƙara mini jin asarar, Malam, domin mafi kyawun ayyukansu bayan sun kai shekara ashirin da bakwai zuwa talatin suka yi su, daidai shekarun da Nargis ta tsaya. Na yarda zaɓinta ne kuma tana da haƙƙin yinsa. Abin da ban yarda ba shi ne mu ma masu kallo mu tsaya a inda ta tsaya, alhali Andaz da Jogan da Chori Chori duk ana samunsu yanzu a intanet. Ina roƙon Baba_Na_Fagge da Manomi_Ɗan_Manomi su daure su kalli Jogan ko da rabinsa ne, sannan su dawo mu ci gaba.

Baba_Na_Fagge:
Zan sa jikana ya nemo mini shi a waya in sha Allahu, amma ka sani ido ya yi rauni, kuma fim marar launi a ƙaramin allo ba ɗaya yake da abin da muka gani a bangon silima ba. Idan na kalla zan faɗa maka gaskiyar abin da na gani, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba.